Ranar Da Na Zama Ɗan Tawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a farkon shekarun tamanin ba, tun kafin a rufe bodar Illela, ranar da na tsaya a gaban mahaifin yarinyar da nake nema da aure, na ƙanƙance murya, na ce masa ni mutumin Nijar ne. Ni da aka yanke wa cibiya a bayan tsohuwar kasuwar Illela! Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi, kuma za ku ji dalilin da ya sa na ce kunnuwa.

A lokacin ina ƙaramin akawu a ofishin ƙaramar hukuma, kuma ba wanda ke kiran sunana, kowa Akawu yake cewa. Ina da babur ja wanda nake ji da shi fiye da yadda ya kamata mutum ya ji da ƙarfe. Mu samarin gari masu babura, malaman firamare da akawuna da wasu 'yan kasuwa, muna da ɗan kulob da muke haɗuwa a garejin Bawa Bakanike. Bawa shi ne ciyaman, shi ne alƙalin wasa, shi ne kuma mai gyara abin da muka farfasa (saboda haka bai taɓa hana kowa gudu ba). Sau ɗaya a shekara, bayan an kawar da amfanin gona, mukan shirya tsere: yammacin Juma'a gwaji, safiyar Asabar a fafata. 'Yan uwanmu na Birnin Ƙwanni kan tsallako boda da 'yan baburansu masu kukan sauro su shiga. Abin da ake ci kofi ne na tasa da sabuwar taya guda, amma yadda muke ɗaukar abin sai ka ce sarautar gari za a ba mutum.

Matsalar ita ce Luba. A'a, astagfirullah, Luba ba matsala ba ce, mahaifinta dai. Malam Haliru na Amarawa, mai makarantar allo da ta littattafai, mutum ne mai magana a hankali wanda in ya dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifukan da ka yi tun kana yaye. Na daɗe ina neman Luba, ita ma tana so na, manyana sun je sun gabatar da ni, Malam ya ce a ba shi lokaci ya yi nazari. Juma'a mai zuwa ce ya ce kawuna ya koma ya ji amsa. Wato a makon nan kaf rayuwata tana rataye ne a leɓen Malam.

Kuma Malam ya tsani tsere. Wata rana na ɗauko shi daga asibiti a bayan babur, ina tafiya a hankali har masu jakuna suna wuce mu, sai ya ce, "Akawu, yaran ga masu tseren babur, kana cikinsu?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni da ko kaza ban taɓa takewa ba?"

(Ku lura, ban ce a'a ba. A lokacin har ina yaba wa kaina wayo.)

Ban damu ba, domin ta hanyar Darna muke tserenmu, nesa da idon Malam. A gwajin Juma'a ma can muka yi, kuma na zo na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Kaina ya kumbura. Na kai wa Bawa babur na ce ya yi masa duk abin da ake yi. Ya cire madubai, ya cire kariya, ya kwance salansa, ya cire har kik ɗin tayarwa wai duk nauyi ne. Ya daɗe yana tone-tone a kafireto, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Na buɗe mai wuta," in ji shi. "Amma ka ji ni da kyau, ba ya da silo yanzu. Kak ka saki totur. In ka sassauta ya mutu, in ya mutu sai da turi."

Ya kai hannu zai cire rigar kujera, na riƙe hannunsa. Wannan rigar Luba ce ta saƙa ta da ulu, kore da rawaya, da 'yan tuntaye suna lilo a gefe. Na ce ko inji zai cire ya cire, amma ban da wannan. Bawa ya dube ni, ya dubi tuntayen, ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Da safiyar Asabar muka taru a bakin gari, jama'a maƙil, yara a kan katanga, masu rake da ƙosai sun kafa kasuwa. Sai ga labari wai garken shanun da ake korowa kasuwar Lahadi sun cika hanyar Darna, ba wurin wucewa. Bawa ya hau kan durom ya busa usur ya ce an canza hanya: za a bi kwalta, a ratsa Amarawa, a kewaye wani durom da aka ajiye a bayan garin, a dawo.

Amarawa! Ƙofar gidan Malam a bakin kwaltar nan take, kuma kowace safiya bayan an tashi karatu yana zaune a gindin dogon yaro tare da dattawan unguwa. Ga wanda bai san al'adarmu ba: sauran 'yan tsere in sun ɗaga wa dattawa hannu sun wuce, sun fita haƙƙi. Amma mai neman 'yar gida ba ya wuce surukinsa a kan abin hawa. Tun daga nesa za ka sauka, ka tura babur, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi har sai shi ya sallame ka. Ko gobara kake gudun kashewa haka za ka yi.

Mai hankali zai ce cikinsa na ciwo ya koma gida. Ni kuwa sai idona ya faɗa kan hular kwanon Isufu, wani abokinmu na Ƙwanni. Irin mai rufe fuska ce gaba ɗaya, da baƙin gilashi, ya saye ta wurin wani Bature mai ratsa hamada. Na roƙe shi ya ara mini, na ba shi tawa mai kama da kwanon miya. Hular ta yi mini kaɗan, sai da Isufu ya dafa ta da hannu biyu ya danna kafin kaina ya shige, kunnuwana suka naɗe a ciki. Na ɗora rigar aikin Bawa mai maiƙo, aka manna mini lamba a baya. Na leƙa madubin wata mota na ga ko uwar da ta haife ni ba za ta gane ni ba. Na ce shi ke nan, zan wuce Malam kamar iska, in dawo kamar iska, da la'asar in sa farar riga in je gaisuwa.

Aka tura mu, Bawa ya busa usur, muka ɗiba.

Jama'a, in faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗi irin na wannan 'yan mintoci ba. Babur ɗin nan ba salansa yana ruri, iska na dukan ƙirjina, gonakin da aka girbe suna wucewa ta gefe fuu. Na wuce wani malamin lissafi, na wuce Isufu, na wuce wani ɗan Ƙwanni da ya kwanta a kan tanki. Na duba gabana ba kowa, kwalta ce kawai. Ni ne na ɗaya! Har na fara tunanin inda zan ajiye kofi a ɗakina yadda duk wanda ya shigo zai gani amma labari ba zai kai Amarawa ba.

Sai ga dogon yaro. Sai ga farin rawani a gindinsa.

Na ce wa kaina, "Riƙe wuta, ba zai gane ka ba." Kaina ya yarda. Amma hannuna na dama, wanda ya saba tun da na fara zuwa gidan nan, bai nemi shawarata ba. Yana ganin rawanin Malam ya saki totur, ya dunƙule, ya ɗaga sama zai yi jinjina. Ƙafata ita ma ta taka birki don kanta. Kafin in dawo da su cikin hayyacinsu babur ya yi tari sau biyu, ya yi shiru, ya gangara a hankali, ya gangara, ya zo ya tsaya cak a gaban tabarmar Malam kamar an aiko shi.

Na kai ƙafa zan buga kik. Babu kik. Na yi ta harbin iska.

Sauran 'yan tsere suka zo suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗaga wa dattawa hannu. Ƙararsu ta yi nisa. Wurin ya yi tsit, ban da wata akuya da ke tuƙa a gefe tana kallona.

Malam ya dube ni ta saman tabarau. "Sannu bawan Allah. Daga ina anka hito?"

A nan ne ya kamata in sauka in durƙusa in ce na tuba. Amma Shaiɗan yana cikin hular nan tare da ni (ban san yadda ya samu wuri ba). Na matse maƙogwaro na fito da wata siririyar murya na ce, "Wi, wi. Daga Tawa." Wato garin Tawa, can cikin Nijar, inda ko a mafarki ban taɓa zuwa ba.

"Tawa," in ji Malam. "Madalla. Mutanen Tawa ba su gaida mutane?"

Na ce, "Mersi." Iyakar Faransancina ke nan, kuma na kashe shi duka a zama ɗaya.

Malam ya miƙe a hankali, ya zagayo babur ɗin, ya sa yatsa ya taɓa tuntun rawaya guda. "Wanga babur hwa, ina ka samo shi?"

"Saye na yi. Da sefa."

"Ga wa?"

"Ga wani... akawu."

Malam ya girgiza kai. "A'a. Wagga riga cikin gidana anka saƙa ta, ina kallo. Akawun da na sani ba ya saida abin da ɗiyata ta yi da hannunta." Ya juya ga dattawan. "Jama'a, kun ga abin da ni ka gani? Babur ɗin Akawu, ba madubi, ba salansa, an kwance mai kaya, ga baƙo bisa ya rufe huska. Ina mai shi?"

Kun san garin boda. A shekarun nan in aka sace babur, kafin mai shi ya gama salati an tsallaka da shi. Kalma ɗaya wani tsoho ya furta, "Ɓarawo!" sai ga mutane ta ko'ina, wani da taɓarya, wani da sandar kiwo. Wani ƙaton mahauci ya damƙi wuyan rigata ta baya ya ɗaga ni daga kan kujera. Wani ya ce a kai ni wurin hakimi, wani ya ce a fara taɓa ni tukuna don kada a je hannu sake. Wani kuma ya ce ai maiƙon da ke jikin rigar nan ya yi kama da jini, Allah kaɗai ya san ramin da na jefa Akawu.

Ko a nan ban buɗe baki ba, wallahi. Ina auna duka da kunya, ina ganin duka ya fi sauƙi. Sai na ji kuka ya tashi daga cikin gida. Labari ya riga ya shiga wai an kashe Akawu an ƙwace babur, kuma muryar da ta fi kowace tashi na san ta. Luba ce. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ran nan, tana kuka tana kiran sunan Allah saboda ni, ni kuwa ina tsaye a ƙofar gidansu da raina da lafiyata ina wi wi. Na ji na tsani kaina.

Na ce da muryata ta gaskiya, "Ni ne! Allah gafarta Malam, ni ne Akawu!"

Mahaucin ya ce, "Ji ɗan banza, har muryar mamacin ya iya!"

Malam ya ce, "In kai na, hidda hular mu gani."

Na kama hula na ja. Ta ƙi. Na sake ja, kunnuwana suka ce ba su san zancen ba. Gilashin ma ya cije, ya ƙi ɗagawa. Mahauci ya riƙe kafaɗuna, wani manomi ya kama hular ya ja har ƙafafuna suka bar ƙasa, ina ihu a ciki. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta aiko da man shanu a ludayi, aka zaunar da ni a ƙasa, aka cusa yatsu ana shafa mini a wuya da bayan kunne kamar za a gasa ni. Aka ja, aka murɗa, sai fat! Hula ta fita, manomi ya faɗi zaune da ita a hannu, ga ni tsuru a tsakiyar Amarawa, fuska na ƙyallin mai, kunnuwa jajur a naɗe.

Can wani dattijo ya ce, "La ilaha illallahu," a hankali, sai dariya ta ɓarke. Mahauci har da riƙe ciki yana dukan dogon yaro. A cikin gida kuka ya tsaya, sannan na ji wata dariyar ta mata ta tashi, kuma ita ma na gane muryar da ta fi tashi.

Malam kaɗai bai yi dariya ba. Ya koma kan tabarmarsa ya zauna ya gyara riga. Ya ce, "To, mutumin Tawa. Yanzu a gaisa."

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Malam ya ɗauko gaisuwa tun daga tushe. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina mahaifiyata, ina kawuna, ina ƙafar kawuna da ke ciwo, ina mutanen ofis. Ya tambayi ruwan bana a Tawa, ya tambayi farashin gero a can. Ina cikin "lafiya lau" ɗin nan 'yan tsere suka kewayo durom suka dawo, suka same ni gurfane ba takalmi, lamba a baya, man shanu na ɗiga daga haɓata. Isufu ya waiwayo yana kallona har ya kusa shiga gonar mutane.

Da ya ga dama ya ce, "Tashi. Dama ina da buƙata Illela. Ka kai ni."

Aka kawo masa lema da buta. Mutanen da ɗazu za su kashe ni su suka tura mu babur ya tashi. Na riƙe kuloci ina lallaɓa totur don kada ya mutu, ba salansa, yana ruri kamar zai tashi sama, mu kuwa muna tafiyar da mai tallan nono za ta iya jerawa da mu. Malam na zaune daram a kan rigar kujerar Luba, ya buɗe lema.

Muka yi rabin hanya. Sannan ya matso kusa da kunnena mai zogi ya ce, "Tun daga kwana na gane ka. Wa ka ɗaga ma mutane hannu yana taka birki cikin tsere in ba kai ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, to da sun kashe ni fa?"

"Ina kallo. Ba ni bari a wuce taɓarya guda." Ya gyara riƙon lema. "Gudun ga wauta ta, kuma ƙuruciya ta, tana wucewa. Abin da ni so in gani, yaushe za ka gaji da ɓoyo. Ba ka ji tsoron sanda ba, amma ka ji kukanta. Na lura da wannan."

Idona ya cika, na ce iska ce (a wannan tafiyar tamu babu wata iska).

Da muka iso bakin gari an daɗe da gama tsere, har an ba wani ɗan Ƙwanni kofi, amma ba wanda ya watse, domin Isufu ya riga ya ba da labari. Jama'a suka dare biyu. Haka na ratsa tsakiyarsu, ɗan tsere mai lamba a baya, ɗauke da malami da rawani da lema da buta, yara na bin mu a ƙafa suna wuce mu suna dawowa. Bawa, Allah ya isa tsakanina da shi, ya tsaya a kan layi ya ɗaga tuta, ya busa usur da dukkan ƙarfinsa kamar na zo na ɗaya. Wurin ya kaure da tafi da shewa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ba ta kula ni ba.

Malam ya sauka, ya naɗe lema, ya dubi Bawa ta saman tabarau har usur ya faɗo daga bakinsa. Ya ce, "Kai ka shugabancin wagga hauka?"

Bawa ya durƙusa. "Allah gafarta Malam."

"To ka maida ma babur ɗin ga kayanai duka, yau. Kuma a ba surukina ruwa shi sha, ya sha rana."

Surukina. A gaban Illela da Ƙwanni gaba ɗaya, kwana shida kafin ranar da ya sa wa kawuna. Na tsaya riƙe da kan babur, kunnuwa na zogi, ƙudaje na bin man shanu, ina murmushi kamar wawa.

Ban sake shiga tsere ba, kofi kuwa ko taɓa shi ban yi ba. Amma sunan ya zauna. Har yau a Amarawa ba wanda ke ce mini Akawu, sai Ɗan Tawa, kuma cikin jikokina akwai waɗanda suka yi imani kakansu daga Nijar ya zo. In na dawo gida na fara kewaye-kewayen magana, Luba ba ta musu da ni, sai dai ta ce, "Wi, wi," ta ci gaba da abin da take yi, ni kuma in faɗi gaskiya.

Abin da na koya, in ma koyo ne: in ka ga surukinka, sauka ka gaishe shi da fuskarka, ko kana kan gaba a tsere. In kuwa ka nace sai ka ɓuya, to don Allah ka nemi hular da ta yi maka daidai, kuma kada ka zauna a kan saƙar 'yarsa.